Ina son akwatin kifi mai shuke-shuke a falo, ta ina zan fara?

Maman Haidar, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu kiwon kifin ado ku taimaka min da shawara kafin in zubar da kuɗina a banza.

Akwai wani lungu a falona, tsakanin kabad ɗin kwanuka da ƙofar kicin, na auna shi da tef ɗin ɗinki ya ba ni santimita 70. Na daɗe ina kallon bidiyon akwatunan gilashin nan da ake shuka ciyayi a ciki, kore shar, ƙananan kifaye suna ta kai da kawo a tsakani, abin yana burge ni ƙwarai. Ɗana Haidar kuma ya hana ni sakat da maganar kifi tun da ya gani a gidan abokinsa. Na je wajen wani mai sayarwa, sai ya ɗauko min wani ƙaramin gilashi zagayayye da jajayen kifi 2 a ciki da furen roba, ya ce in je in ajiye, ba ya bukatar komai sai abinci safe da yamma. Ni ba roba nake so ba, shuka ta gaske nake so, kuma zuciyata ba ta kwanta da maganar tasa ba.

Ga halin da nake ciki. Unguwarmu wani lokaci a wuni a kwana babu wuta. Muna da 'yar ƙaramar sola, amma fitilu da fanka da cajin waya kawai take ɗauka. Ruwan famfo sai ya ga dama yake zuwa, yawanci mai ruwa ne yake kawo mana jarka daga burtsatse. Zafin Kano kuwa kun san shi, a watan Afrilu falon nan ba ya zaunuwa da rana. Maigida dariya yake min, wai kifin da ba za a soya ba mene ne amfaninsa. Ya dai yarda, da sharaɗin kada ya ji an ce ya mutu a sake ba da kuɗi.

To wane girman akwati ya dace da ni? Waɗanne shuke-shuke ne ba sa wahalarwa? Kuma anya abin nan zai yiwu ba tare da tsayayyar wuta ba, ko dai in haƙura?

Tela Mai Kifi, Kaduna

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ni tela ne, akwatina ɗaya yana shago kusa da keken ɗinki, ɗaya a gida, don haka abin da zan faɗa miki na hannu ne. Zai yiwu sarai, kada ki haƙura.

Gilashin nan zagayayye ki bar wa mai shi kayansa. Ruwan da ke cikin irinsu ɗan kaɗan ne, kuma iya ƙanƙantar ruwa iya saurin lalacewarsa: zafi ya hau nan da nan, ƙazanta ta taru nan da nan. Mutane suna ɗauka ƙarami ya fi sauƙi ga mai koyo, alhali shi ya fi ba da wahala. Tun da kina da santimita 70, ki sa a haɗa miki mai tsawon 60, faɗi 30, tsayi 30. Lita 54 ke nan. Masu aikin tagogin alminiyom suna haɗawa. Ki ce gilashi mai kaurin milimita 6, kuma ki tsaya tsayin daka a kan maganar gam: silikon zalla, wanda ba a rubuta a jikinsa cewa yana hana fumfuna ba. Mai hana fumfunar nan na banɗaki ne, akwai magani a cikinsa da ke kashe kifi. In an haɗa a bar shi ya sha iska kamar mako guda, sannan a cika shi a tsakar gida ya kwana 2 a ga ko zai yi yoyo. Gara ya zuba a siminti da ya zuba miki a kafet. Teburin ma ki duba shi da kyau, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, in aka haɗa da yashi da duwatsu da gilashin kansa an doshi kilo 70. Ya zama shimfiɗaɗɗe ba karkace ba, a sa ɗan siririn soso a ƙarƙashin akwatin.

Yanzu ga maganar da yawancin masu sayarwa ba sa faɗa, don in sun faɗa ba za su yi ciniki a ranar ba: ranar da kika cika akwati ba ita ce ranar sayen kifi ba. Kifi yana fitar da wani sinadari da ake kira amoniya, ta kashinsa da kuma ta wajen numfashinsa, ragowar abincin da ya ruɓe ma shi yake bayarwa. Amoniya guba ce, kuma ido ba ya ganinta, ruwa zai iya zama garau alhali yana ƙona kifi. A kogi akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da ita naitirayit, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da naitirayit ɗin naitiret, wanda ba shi da haɗari sosai kuma shuke-shuke abincinsu ne. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyin da yawa. Sai sun hayayyafa sun manne a jikin soson filta (abin tace ruwan akwati) da tsakuwa da ganye, kuma wannan yana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Duk labarin da kika ji na “na sayi kifi, kwana kaɗan suka mutu”, galibi nan ne bakin zaren.

Saboda haka ki fara da shuka. Ki wanke yashin kogi mai ɗan gwaɓi har sai ruwan wankin ya fita fari, ki shimfiɗa kaurin santimita 4 zuwa 5, ki jera duwatsunki, ki dasa, ki zuba ruwa a kan faranti don kada ya tone yashin. Dutsen da kike shakka a kansa ki ɗiga masa ruwan khal, in ya yi kumfa to yana da farar ƙasa, ki ajiye shi gefe. Daga nan duk bayan kwana 2 ko 3 ki riƙa jefa ɗan tsinken abincin kifi a ruwan, ya ruɓe, ƙwayoyin su sami abin ci. In kin san mai tsohon akwati lafiyayye, ki roƙe shi ya matse miki sosonsa a cikin naki. Ruwan zai yi datti na wuni guda, amma kin rage wa kanki jira sosai.

Maganar wuta kuma, kada ki sayi filtar nan mai injin da ake ratayawa a baki. Ki nemi filtar soso, wadda ƙaramin famfon iska yake turawa ta siririn tiyo. Famfon wat 2 ko 3 kawai yake ci, kuma akwai mai USB wanda fawa bank ɗin wayarki zai riƙe. Sosonta yana cikin ruwan akwatin ne, ko wuta ta tafi ƙwayoyin ba sa shaƙewa da wuri kamar na filtar da take a rufe. In cajin bai isa a kunna dare da rana ba, ki fifita dare. Da rana shuka tana ba da iskar oksijin, da dare kuwa ita ma shaƙa take yi tare da kifin, shi ya sa wahalar kifi ta fi yawa da asuba. Fitila ma LED fara, mai 6500K a jikin kwalinta, wat 10 ta isa wannan akwatin, awa 6 zuwa 8 a rana. Kada ki ƙara, kuma kada rana ta riƙa dukan gilashin kai tsaye, gansakuka za ta rufe miki komai.

Shuke-shuke ki fara da masu taurin rai. Na ɗaya a wurina Anubias, mai ganye kore duhu da kauri. Wani abin sha'awa, wannan shukar da ake sayarwa a Turai da Japan asalinta 'yar nan ce, rafukan dazukan kudancin Najeriya da Kamaru. Wadda aka fi sani, Anubias barteri, sunan Charles Barter ta ci, wani Bature mai tattara tsirrai da ya biyo tawagar Baikie a kogin Kwara ya rasu a Rabba ta ƙasar Nufe a 1859. Ba ta son haske mai yawa, ba ta son taki mai yawa, tana dai da nawa wajen girma. Ita da Java fern abu ɗaya za ki kiyaye: suna da wani kwantaccen gindi mai kauri kamar citta, in kika binne shi a yashi ruɓewa zai yi. A jikin dutse ko itace ake ɗaure su da zaren ɗinki, su kama da kansu. A baya ki dasa Vallisneria, mai dogayen ganye sirara, tana yaɗo da kanta kuma tana son ruwa mai nauyi, wato mai yawan gishirin ƙasa a narke, irin wanda akan samu a burtsatse. Sannan ki jefa mai saurin girma guda ɗaya, kamar Ceratophyllum da ba ta da saiwa ma, tana yawo ne a ruwa tana tsotse ƙazanta. Ki cika akwatin da shuka tun farko, kada ki ce kaɗan-kaɗan, fili ne kike bar wa gansakuka.

Ki kuma yi hattara da “shukar ruwa” ta bogi. Akwai mai kama da gora da ake sayarwa a kwalba, ganyenta ba na cikin ruwa ba ne, in ya nutse ruɓewa yake.

Ɗan Damagaram

Salamu alaikum Hajiya. Malam Tela ya yi bayani, Allah ya saka. Ni zan yi magana kan zafi, don mu nan Damagaram abin da kuke kira zafi a Kaduna mu sanyin safiya muke ce masa.

Ruwa in ya yi zafi iskar da yake riƙewa raguwa take. A digiri 20 lita guda tana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 ta sauko wajen 7 da rabi, ga shi kuma a lokacin ne kifi ya fi bukatarta, amoniya ma ta fi dafi a ruwa mai zafi. Ki sayi ma'aunin zafi tun kafin kifi, ba shi da tsada. In kin ga ya wuce 30, ki juya ƙaramar fanka tana busa saman ruwan, za ta sauke miki digiri 2 zuwa 3. Kada ki jefa ƙanƙara, saukar zafi farat ɗaya ta fi zafin kansa illa. Sai dai fanka tana shanye ruwa, kuma ruwan ne kaɗai ke tashi, gishirin da ke cikinsa yana nan. Mai ciko kawai ba ya canjawa, a hankali ruwansa nauyi yake ƙarawa. Murfi kuma kada ki sa na gilashi a bazara, ki sa kafinta ya buga miki firam da ragar sauro. Iska za ta shiga, kifi ba zai yi tsalle ya fita ba, kyanwa ba za ta sa hannu ba. Da hunturu akasin haka ne, dare yana sanyi ƙwarai a watan Disamba da Janairu, ki rufe akwatin da bargo da dare, in da hali ki sa ƙaramar hita mai wat 50, ki tsayar da ita a 25.

Inda na bambanta da Malam Tela shi ne yashi zalla. Nawa akwatin ƙasa ce a ƙasansa: baƙar ƙasar lambu wadda ba a sa mata taki ko maganin feshi ba, kaurin santimita 2 da rabi, na rufe ta da tsakuwa ƙanana daidai wannan kaurin. Hanyar wata Ba'amurkiya ce, Diana Walstad, da ta fitar da littafi a kanta a 1999, ana ma kiran hanyar da sunanta. Shuke-shuke da yawa, kifi kaɗan, ƙasa tana ciyar da saiwa, shuka tana tsarkake ruwa. Ga mai matsalar kuran, wato wutar lantarki, kamar mu babu abin da ya fi ta.

Kuma kada ki raina na gida. Kainuwa dashen Allah, wadda ke cike da tafkunanmu, ita ce Turawa suke saye da kuɗi suna sawa a saman akwati. Saiwarta tana zuƙe naitiret, tana yi wa kifi inuwa. Ki dai riƙa ragewa duk mako, kada ta rufe fiye da rabin sama. Bado ma haka, farin badon namu ne ake sayarwa can da sunan tiger lotus, sai dai ya yi wa lita 54 girma sai kina datse ganyen da ya kai sama. Ko dankalin Hausa kika rataya a baki, gindinsa kaɗai yana taɓa ruwa, zai saki farar saiwa ya yi yaɗo a bango, yaronki zai ji daɗin kallonsa.

Anti Nas, Zariya

Maman Haidar sannu da gida. Ni ba gwana ba ce a kifi, akwatin ƙanina nake taya shi kula da shi, amma aikin asibiti nake yi, kuma maganar ɗebo kainuwa daga tafki ta sa dole in sa baki.

Malam na Damagaram, shawararka tana da kyau amma ka manta da tsargiya. Tsutsar da ke kawo fitsarin jini a jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa take girma, irin wanda ake kira Bulinus, kuma a jikin ciyayin tafki da madatsun ruwa da hanyoyin ban ruwa yake maƙalewa. In ta fito daga jikinsa ta fata take shiga mutum, ba sai an sha ruwan ba. Dodon koɗi ɗaya mai ɗauke da ita in ya shigo akwati a saiwar kainuwa, zai iya yin makonni yana sakinta, ga yaro kuma kullum hannunsa a ruwa. Don haka kada a aiki Haidar ko almajiri ya shiga kududdufi ɗebowa. In za a ɗebo, babba ya sa safar hannu ta roba ya jawo daga baki. A gida a wanke, a tsince duk wani dodon koɗi, a jiƙa a bokiti daban da alif ɗin nan da ake sa wa ruwa ya kwanta, babban cokali ɗaya a lita 4, ya kwana 2, a ɗauraye sosai, sannan a bar ta a ruwa mai kyau kamar mako 2 ana dubawa. Wasu ganyayen za su lalace, amma za ta toho. Dodon koɗin da aka ƙyanƙyashe a cikin akwati ba ya ɗauke da cutar, sai wanda ya fito daga ruwan da masu ita suke fitsari ko bahaya a ciki.

Na biyu, maganin sauro. Fiya-fiya da na gwangwani da ake fesawa da na kunnawa, duk suna kashe kifi, wasunsu ko ɗan kaɗan ne ya sauka a ruwa. Famfon iskar nan kuma iskar ɗaki yake zuƙa yana turawa cikin akwatin kai tsaye. Duk ranar da za a yi feshi a kashe famfon, a rufe akwatin ruf da leda da jiƙaƙƙen tawul, sai an buɗe tagogi warin ya fita tukuna. Mu mata kuma, man shafawa da humra da sabulun wanke-wanke da ke hannunmu, a ɗauraye da ruwa zalla kafin a tsoma. Ki ware bokiti ɗaya sabo ki rubuta masa “kifi”, kada omo ya taɓa shi.

Maman Haidar, Kano

Kai, Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru sosai. Anti, wallahi tsargiya ko a raina ba ta zo ba, kuma fiya-fiya kusan kullum muke sawa da damina.

To yanzu kun raba min hankali, ƙasa ko yashi? Ruwan burtsatsen namu zai yi, ko sai na riƙa sayen na leda? Sannan wane kifi, kuma guda nawa? Haidar ya kafe a kan jajayen nan masu baza wutsiya. Maigida kuma ya ce abokinsa yana da gidan gona, zai karɓo mana 'ya'yan tarwada ko ƙarfasa kyauta. Wata magana kuma, surukata da ta ji ta ce kulle kifi a gilashi ɗaukar alhaki ne, abin ya ɗan tsaya min a rai.

Abu Sumayya

Hajiya, game da maganar Mama, tsoron alhakin dabba abu ne mai kyau, Allah ya ƙara mata lafiya. Abin da na sani, malamai da yawa sun halatta ajiye tsuntsu ko kifi matuƙar ana ba shi haƙƙinsa, suna kafa hujja da hadisin Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, da yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi (SAW) bai hana ba. Matar da aka azabtar saboda kyanwa kuwa, kulle ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Ke nan alhakin yana wajen sakaci ne. Cusa kifi da yawa a ɗan ruwa su yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wannan ne abin gudu. Ki ƙara tambayar malamin da kika aminta da shi. Allah ne mafi sani.

Tela Mai Kifi, Kaduna

Hajiya, yashi. Hanyar ɗan uwana na Damagaram tana aiki, na ga masu yi kuma akwatunansu gwanin kyau, amma ba zan ba mai farawa ita ba. Ƙasa tana sakin amoniya mai yawa a makonnin farko, ba ki san abin da aka taɓa zuba mata ba, kuma ranar da kika tuge shuka ɗaya laka za ta turnuƙe ruwan. Anubias da Java fern ba daga ƙasa suke ci ba balle ki ce sun rasa. Vallisneria ce kaɗai mai bukata, ita kuma akwai taki ƙwaya-ƙwaya na akwatin kifi da ake cusawa a gindinta. In kin shekara kin gane hannu, ki gwada ƙasa a akwati na biyu. Za a yi na biyun, kowa haka ya fara.

Ruwan burtsatse zai yi, ba sai na leda ba. Ba shi da kilorin, amma yana fitowa da ƙarancin iska, don haka ki bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti. In kin ga ya yi ja-ja a ƙasan bokitin ƙarfe ne, ki tsiyaye na sama. Ki dai tabbatar jarkar mai ruwan ba ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ba. Na famfo yana da kilorin da ke kashe kifi da ƙwayoyin sosonki duka, shi sai ya kwana a buɗe ko a ɗiga masa maganin cire kilorin. Duk mako ki zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu da tiyo ki mayar da sabo, lita 13 ko 14 ke nan, bai kai jarka ɗaya ba. Kada ki taɓa juye akwatin duka ki wanke. Soson filta kuma a cikin ruwan da kika zuƙo za ki matse shi, sau ɗaya a wata ya isa.

Jajayen nan na Haidar, goldfish ke nan, a ba shi haƙuri. Asalinsu daga Sin ne, sun fi son ruwa mai sanyi, suna kai santimita 20 har fiye, suna wuce shekara 10, kashinsu yawa gare shi, kuma tuge shuka da cinye ta sana'arsu ce. Tarwada da ƙarfasa kuwa ki gode wa Alhaji, a kai su tankin bayan gida, can zai sami na soyawarsa. Ƙarfasa tona yashi take tana cin ganye, tarwada kuma cikin 'yan watanni ta fi ƙarfin akwatin ta haɗiye duk wanda ya shiga bakinta.

Ki nuna wa yaron guppy. Ƙanana ne, wutsiyarsu baza-baza kala-kala, akwai jajaye ma, suna son ruwa mai nauyi, suna jure zafi, suna kuma cinye tsutsar sauro in ta kuskura ta shigo. Ki sayi maza zalla, su ne masu kalar. In kin haɗa da mata, macen haihuwa take yi kusan duk wata, kafin ki ankara akwati ya cika maƙil. Guda 6 zuwa 8 sun ishi lita 54, kuma kada su shiga rana ɗaya: 3 ko 4 da farko, bayan mako 2 sauran. In kuma kina tsoron wuta sosai, betta namiji guda ɗaya tak. Ɗan Tailan ne, yana hawowa sama ya shaƙi iska kai tsaye, zafi ba ya damunsa sosai. Amma shi kaɗai, kada a haɗa shi da wani namijin ko da guppy. Akwai wani namu na gida da nake ƙauna, gardneri, daga rafukan yankin Binuwai da Kuros Riba, shuɗi da ɗigon ja, sai dai gwanin tsalle ne kuma bai cika son zafi mai yawa ba, ki bar shi sai gaba.

Kafin ki sayo, in kin sami kayan gwajin ruwa na ɗigawa, ki tabbatar amoniya sifili, naitirayit sifili. In ba ki samu ba ki cika mako 6 ɗin cur. Ranar da suka zo ki ɗora ledarsu a saman ruwan minti 20 zafin ya daidaita, ki riƙa ƙara musu ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, sannan ki kwashe su da raga, ruwan ledar a zubar waje. Abinci sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti 2. Gwangwanin abincin ya zauna a kabad ɗinki, ki riƙa tsakura wa Haidar a tafin hannu, don yara da baƙi tausayi ne yake sa su kashe kifi da ƙoshi. Kuma duk wanda ya ishe ki, kifi ko shuka, ki bayar ko ki mayar wa mai sayarwa, kada a zuba a kogi ko kwata.

Maman Haidar, Kano

To Malam, yashi ɗin za a yi, da guppy. Na kai wa mai gilashi awo yau, amma ya ce mai kaurin 6 ya yanke, mai 5 ne da shi, zai yi? Kuma da Babbar Sallah mukan tafi Haɗejiya mu yi kamar kwana 5, wa zai ba su abinci?

Tela Mai Kifi, Kaduna

Mai 5 zai yi, tun da tsayin 30 ne kawai. In zai ƙara tsayi ne sai a koma 6. Ki ce ya goge bakin gilashin sosai saboda hannun yaro.

Kwana 5 babu wanda zai ba su, kuma babu abin da zai same su. Babban kifi lafiyayye yana yin mako ba abinci, a akwati mai shuka ma yana samun abin tsinta. Maƙwabcin da za ki bar wa amana shi ya fi yunwar haɗari, in kuwa dole ne sai wani ya ba su, ki ƙulla masa na kowace rana a 'yar takarda ki ɓoye gwangwanin. Ki canja ruwa ana jibi tafiya, ki cika shi, ki bar famfon iska a jikin sola, fitila kuma a kashe, shukar ba za ta mutu a kwana 5 ba. Soket ɗin ya kasance sama da inda ruwa zai iya gangarowa ta waya, famfon ma ki ɗora shi sama da bakin akwatin, don in wuta ta tafi ruwa yakan biyo tiyo ya dawo baya. In a makon farko na cika sabon akwatin ruwan ya yi fari-fari kada ki zubar, ƙwayoyin ne suke tashi, zai washe da kansa cikin 'yan kwanaki.